Tarihinmu ne, amma sai mun biya da dala kafin mu karanta

1/
Ina aji huɗu a sashen tarihi, ina rubuta aikin kammala digiri a kan Katsina kafin jihadi. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗa. Ku biyo ni.

2/
Mu fara da Durɓi Takusheyi, a ƙaramar hukumar Mani. Tsofaffin kaburbura ne da baka ya ce na sarakunan farko ne na ƙasar Katsina. Palmer ya haƙa wurin a 1907, aka sake haƙawa a 1992.

3/
Abin da aka tono: awarwaron hauren giwa, duwatsun ado, wuri, kayan zinariya, da tasar ƙarfe da ta fito daga Gabas ta Tsakiya. Wato tun wajen ƙarni na 14 manyan ƙasar nan suna da hulɗar fatauci da duniya mai nisa.

4/
Wa ya gano haka? Ba masanin tarihi shi kaɗai ba fa. Masu haƙar kayan tarihi, masu gwada ƙarfe da hauren giwa a ɗakin gwaji, da masu bin tarihin baka, duk sai da suka haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5/
To ga inda gizo ke saƙar. Sakamakon ya fito a 2012 a mujallar Azania, da Turanci. Na same ta a intanet, na karanta taƙaitawar, sai aka ce in biya da dala. Wallahi kuɗin ya kusa cinye na abincina na wata. A ɗakin karatunmu ma babu.

6/
Kakata 'yar Katsina ce, ta san labarin Durɓi tun tana yarinya. Irin bakinta masu bincike ke dogara da shi. Amma ko jikanta da ke jami'a bai iya karanta abin da aka rubuta ba, balle ita.

7/
Wani zai ce mujallu na da kuɗin tacewa da bugawa. Gaskiya ne, ban musa ba. Kuma laifin ba na waje kaɗai ba ne. Muna da Journal of the Historical Society of Nigeria tun 1956, muna da Kano Studies, muna da Gidan Arewa a Kaduna. Yusufu Bala Usman a Zariya ya buga littafinsa na tarihin Katsina a 1981. Ashe mun iya.

8/
Abin da nake roƙo biyu ne. Duk binciken da aka yi a kan tarihin al'umma, a saka shi kyauta a intanet. Sannan a haɗa da shafi ɗaya na taƙaitawa da harshen mutanen wurin. Shafi ɗaya kawai!

9/
Mu ɗalibai kuma mu daina zama kowa a tsangayarsa. Ɗan tarihi ya nemi ɗan Larabci su karanta rubutun hannu tare, ya leƙa sashen Hausa da na kimiyyar sinadarai.

10/
Malamai da ke nan, me ya hana? Wanda kuma yake da halastacciyar hanyar samun maƙalar nan, don Allah ya yi min magana. Lokacin miƙa aiki ya matso.