Riƙewar Kafaɗa Ba Aikin Maɗori Ba Ne

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Jama'a, akwai abin da nake gani a nan Gwallaga wanda ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Kudu su ji. Mutum ya shekara ashirin yana neman abincinsa a Agege ko Sabon Badun, sai ka gan shi ya dawo gida ba lokacin Salla ba, hannu a rataye. Wai kafaɗa ce ta riƙe. Ba ya iya sa riga sai an taya shi, da dare kuwa ba barci. Daga tasha sai gidan maɗori.

To, ni ba na raina maɗoranmu. Amma fa a wannan ciwo ƙashi bai karye ba, bai goce ba. Likitoci sun bayyana cewa jakar da ta lulluɓe gaɓar ce take kumbura, ta yi kauri, ta tsuke. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya har zuwa uku kafin ya saki. In an ɗaure hannun, ƙara riƙewa zai yi. In kuwa aka sa ƙarti suka fizge shi, ana iya karya ƙashin da yake lafiya lau.

Masu ɗan hali a Ikko su kuma sun koma wajen masu allurar mutanen Sin, ko masu matsar ƙashin baya, watau dabarar da wani mai suna Palmer ya ƙago a Amurka a 1895. Allurar Sin takan rage zafi na ɗan lokaci, kamar yadda waɗansu ke jin dama bayan wanzami ya yi musu ƙaho, amma ba a tabbatar tana sakin gaɓar ba. Mai so ya yi, muddin allurar sabuwa ce, domin ciwon hanta ta nan yake shiga. Sai dai kada ya ƙarar da jarinsa a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan ciwo ya fi yawa ƙwarai ga masu ciwon suga, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Maɗori ba ya auna jini, wanzami ma haka. Sai mutum ya yi wata shida yana jinyar kafaɗa, alhali suga na cin idonsa da ƙodarsa.

Saboda haka in kafaɗarka ta riƙe, fara zuwa a auna maka suga. Asibitin ƙashi na Igbobi yana nan kusa da ku a Ikko. Wanda ya riga ya dawo gida, ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga na Dala a Kano. A sashen gashi za a koya maka motsa hannun a hankali, kamar hawa bango da yatsu kullum. In likita zai yi maka allura cikin gaɓar, lalle ka gaya masa kana da suga, gama takan tayar da shi na 'yan kwanaki.