BURAUZA MAI KAN ZAKI: WA TAKE ƁOYE WA SIRRINKI?

 

Wasiƙunku na kwanakin nan kusan duk a kan abu biyu suke. Na farko, yadda budurwa za ta nemi bayani a waya game da abin da take jin nauyin tambayar kowa, kamar ciwon mara lokacin al'ada ko ciwon sanyi, ba tare da gobe Yaya ya ɗauki wayar ya tarar da komai a baje ba. Na biyu kuwa kukan data, wadda ta zama sai a hankali tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. To da yake gani ya kori ji, sai na sauke wata burauza mai suna Brave, na yi sati uku da ita, ga kuma abin da na gano.

Ga waɗanda ba su sani ba, burauza ita ce manhajar da kike buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da ke zuwa a cikin wayoyin Android, da Opera Mini da muka taso da ita. Ita Brave alamarta kan zaki ne mai ruwan lemo, ta fara fitowa a 2016, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai wani Ba'amurke, Brendan Eich, wanda a da yana cikin jagororin Mozilla masu Firefox.

Maganar sauri, wallahi ta burge ni. Dalili kuwa shi ne, duk shafin da kika buɗe ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana tafe ne da tallace-tallace da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda ni dai 'yan sa-ido nake ce musu, domin aikinsu kawai su rubuta inda kika shiga da abin da kika duba su kai wa kamfanonin talla. Su ne dalilin da ya sa in kin duba leshi sau ɗaya, sai leshin ya yi ta binki shafi-shafi kamar kin ci bashinsa. Kowannensu da datarki yake shigowa. Brave tana tare su tun daga bakin ƙofa ba sai kin saita komai ba, don haka shafin labarai da a da sai kin gaji da jira, yanzu kafin ki gyara ɗankwali ya buɗe. Har lissafi take nuna miki na yawan waɗanda ta kora da datar da ta rage miki.

Sai dai fa a ƙyashin data ba ta kamo ƙafar Opera Mini ba, kuma a ƙaramar waya mai ƙarancin wuri ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Amma ku tsaya ku ji sirrin Opera Mini. Idan kika sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, ba ke kike zuwa shafin kai tsaye ba, kwamfutocin kamfanin ne suke ɗauko shi, su matse shi, sannan su miƙo miki, har kamfanin yana cewa ragin kan kai kashi 90 cikin ɗari. Ke nan duk abin da kika rubuta ta hannunsu yake bi, kamar wasiƙar da aka ba ɗan aike a buɗe. Don karanta labari babu laifi, amma ni ba zan shawarci kowa ta shiga banki ko shafin JAMB ta wannan hanya ba.

Wajen sauƙin sarrafawa kuwa, wadda ta iya Chrome ta iya Brave, domin a kan tubali ɗaya aka gina su, wato Chromium. Wani lokaci shafi kan ƙi buɗewa daidai saboda korar 'yan tallan, sai ki taɓa ɗan zakin da ke sama ki sassauta masa. Akwai kuma wani tsari a ciki na kallon talla a biya ki da sulallan intanet da ake kira BAT. Don Allah ku bar shi a kashe yadda ya zo, wannan ba sana'a ba ce. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa, su ma ta nan suke neman nasu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma a nan nake so ku ba ni aron hankalinku. Masu ganin sirrinki iri biyu ne, akwai na nesa akwai na cikin gida. Zakin nan na nesa yake kora, wato kamfanonin talla. Amma in Umma ko Yaya ko maigida ya karɓi wayar ya danna tarihin bincike, komai yana nan jere da rana da lokaci, zaki bai hana ba. Abin da ke maganin wannan shi ne shafin sirri, wanda a Chrome ake kira Incognito, a Brave kuma Private. Duk abin da kika nema a cikinsa, da zarar kin rufe ba ya zama a tarihin wayar.

To amma shi ma kada ki ɗauke shi layar zana. Kamfanin layinki yana iya ganin sunan gidan da kika shiga ko da bai ga abin da kika karanta a ciki ba, haka mai wayifai na makaranta ko na wurin aiki, haka shi kansa mai shafin. Ba ku kaɗai kuka yi wa abin mummunar fahimta ba. A Amurka ma a 2020 wasu sun maka Google a kotu suna cewa yana tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito, kuma a 2024 aka bayyana sulhun da kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara gargaɗin da yake rubutawa a fuskar shafin. Hoto ko takardar da kika sauke ma tana nan daram a cikin wayar bayan kin rufe, sai kin bi ta kin goge da hannunki.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai aron waya, kuma na san su ne suka fi yawa a cikinku. Ƙanwata, in wayar Yaya ce kuma asusunsa na Google ne a kai, duk abin da kika nema ta Google a shafin da ba na sirri ba yana iya taruwa a cikin asusun nasa, ko da kin share tarihin burauzar tas. Wata rana yana zaune a shagonsa zai buɗe ya gani, an gudu ba a tsira ba ke nan. Don haka ki buɗe shafin sirri tun kafin ki rubuta harafin farko, kada kuma ki shigar da asusun kowa a ciki, in kin gama ki rufe shi gaba ɗaya, ba wai ki kife wayar ki tashi don an ƙwala miki kira daga kicin ba. Mai wayar kanta kuwa, a Chrome akwai wurin da za ki kulle shafukan sirrin da zanen yatsanki.

Wani abu kuma da zan faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba, abin da kika karanta a waya game da lafiyarki bai isa ki je kemis ki sayi magani ba. In ciwo ya ƙi tafiya a gaya wa Umma ko Anti a tafi asibiti, can ma akwai ma'aikata mata.

Ni dai na bar zakin a wayata don karatun yau da kullum, Opera Mini kuma na ajiye ta don ƙarshen wata in data ta ja baya. Masu zuwa kafe duba sakamakon WAEC ko NECO, ku tabbata kun fita daga asusunku kun rufe shafin kafin ku tashi daga kujera, domin wanda zai zauna bayanku ba ku san ko wane ne ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Taku a kullum.