Ba Kowane Ciwon Ƙwayar Halitta Ne Na Gado Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a zangon karatun da ya wuce an ba mu wani ɗan rubutu a kan ciwon dajin ƙwaƙwalwa domin mu fassara shi zuwa Hausa. Kusan dukanmu, har da ni, duk inda muka ci karo da kalmar "jenetik" sai mu rubuta "na gado". Sai da na koma na karanta yadda ciwon yake sannan na gane mun tafka kuskure.

Likitoci suna kiran ciwon DIPG. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma galibi yara 'yan shekara 5 zuwa 10 yake kamawa. Yakan tsiro a gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin numfashi da haɗiya da motsin ido suke, ya cakuɗe da lafiyayyen nama ta yadda tiyata ba ta iya raba su. Akasarin yaran ba sa cika shekara guda bayan an gano shi. Shi ne ajalin 'yar Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka wata, a 1962.

A 2012 masu bincike suka gano tushensa. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai furotin mai suna histon, wanda zaren halitta yake naɗe a jikinsa kamar zare a jikin mazari. A kusan kashi 80 cikin 100 na masu DIPG, sinadari ɗaya tak ne ya canza a gurbi na 27 na histon H3, ana kiran canjin K27M. Wannan ɗan canji yakan rikita umarnin da ƙwayar ke bi, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. A 2025 Amurka ta amince da maganin dordaviprone ga masu wannan canji, kodayake ba ya warkarwa.

To, ga inda muka yi tuntuɓe. Canjin nan a cikin ƙarin kaɗai yake aukuwa, bayan an halicci yaron. Babu shi a jinin uwa, babu shi a jinin uba. Ba irin sikila ba ne, wadda sai iyaye biyu sun haɗu suke gadar wa ɗa.

Yanzu ku ɗauka ɗayanmu ya zama tafinta a asibiti, ya dubi uba ya ce ciwon ɗanka na gado ne. Kafin magariba dangin miji sun fara lissafin waɗanda suka mutu a gidan su matar. Uwa tana jinyar ɗanta, ga kuma zargi a kanta, ƙila har da takardar saki.

Wani abokina ya ce "sauyin ƙwayar halitta" ya yi tsawo, ba zai zauna a bakin jama'a ba. Gaskiya ne yana da tsawo. Amma ni da na koyi Hausa da girmana, na san baki yakan saba da abin da ya fi wannan wuya. Shawarata ga sashenmu ita ce mu bar wa sikila da ire-irenta "na gado", mu kuma gayyaci ɗaliban likitanci mu zauna tare kafin mu sake fassara irin wannan rubutu.