Jif ta hannu mai fowil ko buhunan abinci? Ra'ayina ga mai shirin fara kiwo



A satin nan wani bawan Allah ya turo min saƙo. Ya ce ya tara 'yan kuɗaɗensa, ya samu fili a bayan gari, yana so ya zuba kaji masu ƙwai 500, ya kuma gina kwamin tarwaɗa guda biyu. Matsalar ita ce hanyar filin ba kwalta, da damina kuwa laka ce zalla. Sai wani dillali ya nuna masa wata jif ta hannu mai fowil, wai mai ita matsi ne ya same shi, zai sake ta da araha. Tambayarsa ita ce: ya saya tun yanzu, tunda ko ba daɗe ko ba jima zai riƙa jigilar abinci da ƙwai, ko ya haƙura?

Na ba shi amsa a gajarce, na ce kar ya saya. To amma ba shi ne na farko da ya yi min irin wannan tambayar ba, don haka bari in baje dalilaina a nan, wanda ya ga na yi kuskure ya gyara min.

Mu fara da cikin kajin, domin nan ne kuɗin mai kiwo yake tafiya. Kowa ya san abinci shi ne yake cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaji. Amma sabon shiga ba ya jin nauyin wannan maganar sai an juya masa ita zuwa buhu. Kaza mai ƙwai ba ta fara yi sai ta kai sati 18 zuwa 20, kuma kafin ta kai nan ta ci kimanin kilo 7 zuwa 8 na abinci. Idan guda 500 ne, kana maganar buhu 140 zuwa 160 na kilo 25 ke nan, kafin ka ga ƙwai ko guda ɗaya. Wata huɗu da rabi kana fitarwa, ba abin da yake shigowa. Ga rigakafi, ga magani, ga gawayi ko gas na ɗumama 'yan tsaki, ga kuɗin yaron gona. Tarwaɗa ma haka take. Idan kana so guda 1,000 su kai kilo ɗai-ɗai, sai sun ci abincin da ya kai tan guda ko ya ɗan haura, wato buhu 70 zuwa 80 na kilo 15, cikin wata huɗu zuwa shida.

Na sha ganin inda jarin mutum ya ƙare kaji suna sati 14 ko 15. Wallahi babu abin tausayi kamar wannan. Kajin sun yi kyau, saura ƙiris su fara biyan ka, amma ba kuɗin abinci. Sai a fara rage musu, ko a cika da dusa, su rame, su makara wajen fara ƙwai, daga ƙarshe a kira 'yan kasuwa su kwashe a wulaƙance. Idan ka bincika, da yawa ba rashin jari ne ya kashe su tun farko ba. An ɗauki kuɗin abincin wata uku ne an zuba a abin da ba ya yin ƙwai, ko ƙaton gini, ko mota.

Yanzu mu zo kan jif ɗin kanta. Ranar da ka biya kuɗinta, ranar ta fara ci, kuma ita ba ta san kaji ba su fara ƙwai ba. Yawancin waɗanda ake nuna wa mutane, irin su 4Runner da Pathfinder da Highlander da Pilot, masu silinda shida ne. Idan injin yana da lafiya, ka sa ran lita 13 zuwa 15 a kowace kilomita 100. Idan ya tsufa, ga AC, ga kaya, ga hanya mai yashi, ya wuce nan. A ce gonarka kilomita 25 ce daga gida, kullum kana zuwa ka dawo. A wata kilomita 1,500 ke nan, man da za ka sha ya kai lita 210. Ƙaramar mota za ta yi wannan zirga-zirgar da kimanin lita 120, babur kuwa bai fi lita 45 ba. Ka ɗauki farashin litar yau a garinku ka buga, sannan ka raba da kuɗin buhun abinci. Za ka ga buhu nawa jif take shanyewa duk wata.

Masu ba ka shawarar “ai jif ita ce motar gona”, da yawansu da lissafin da suke yi. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala ma da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, kuma kayan gyaran mota da dala ake shigo da su. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna yana neman shokozoba ko giyabos na babbar mota zai ba ka labari. Shi ya sa nake cewa idan ka ga ana rububin sakin manyan motoci da araha, ka tambayi kanka me ya sa mai ita yake gudunta.

To a ce ma kana da ƙarfin riƙe ta. Shin tana yin aikin gonar?

A nan ne nake ganin mutane suna ruɗar kansu. Jif motar ɗaukar mutane ce. Ka buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da take manne a jikin ƙarfen, za ka ga nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka, yawanci kilo 500 zuwa 700 ne, kuma har da kai da duk wanda ka ɗauko. Kaji 500 masu ƙwai suna cin buhu biyu da ɗoriya kullum, a sati kimanin buhu 16, kilo 400 ke nan. Ka sa kanka da yaronka, ta kusa cika da abincin sati ɗaya tak. Ka riƙa yi mata haka a kan hanya mai gargada, wata nawa ne ƙafafun baya za su fara kuka?

Kifi kuma ai ba a ma magana. Tarwaɗa a baho ko yankakkiyar jarka ake ɗaukar ta da ruwa, kuma dole ruwan ya fantsama. A bayan a-kori-kura ba komai, ka zuba ruwa ka wanke. A cikin jif kuwa kafet ne zai shanye, ƙarƙashinsa ga wayoyin lantarki, ga ƙarni da ba ya fita ko ka kai wajen wanki sau goma. Daga ranar Hajiya ta daina shiga motar. Sannan ma ranar kamun kifi, galibi masu saye su suke zuwa bakin kwami da sikelinsu da motarsu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato cuta. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, likitocin dabbobi suke nanata cewa mota da takalmi da kiret suna cikin manyan hanyoyin da cuta take bi ta shiga gona. Motar da ta je kasuwar kaji da safe, ta dawo bakin kejinka da yamma, dole a fesa mata magani. Bayan a-kori-kura ƙarfe ne, ana fesawa a wanke tas. Kujerun yadi da kafet fa, ta yaya za ka yi da su? Ga shi kuma ita ce motar zuwa biki, ita ce ta ziyarar gonar aboki.

Zan yi mata adalci a wuri ɗaya: wajen ɗaukar ƙwai tana da daɗi, domin ba ta jijjiga sosai. Amma kaji 500 idan suna yi da kyau, kiret 13 ne a rana, kimanin 90 a sati. Tsohuwar Golf mai dogon baya ko Sienna za ta kwashe wannan ba tare da ta sha man jif ba. 'Yan tsaki kuwa kwali 10 ne, sau ɗaya a shekara da rabi. Wannan ai shatar mota ce ta rana guda.

Saura hujjar da ta fi ƙarfi, ita ce lakar damina. Gaskiya ne akwai hanyar da idan Agusta ta yi sai mai jan ƙafa huɗu. Amma mu lissafa: a yawancin ƙasar Hausa, daga Yuli zuwa Satumba ne hanya take ɓaci sosai, wata uku ke nan. Sauran wata tara kana ɗauke da ƙarin ƙarfe ne kawai, yana ƙara shan mai, yana neman nasa baƙin man da nasa gyaran. Sannan ba duk jif ce mai fowil ba. Highlander da CR-V da RAV4 da yawa ƙafar gaba kawai suke ja, tsayin ne yake ruɗar mutane. Wata kuma asalinta mai fowil ce, amma ya lalace a hannun mai ita na baya, makanike ya cire farfela ɗaya aka ci gaba da tafiya da ƙafa biyu. Ba za ka sani ba sai ranar da ka kafe da buhu 16 a baya, magariba tana yi.

Ni a wurina, idan har hanyar fili sai da fowil take shiguwa, to matsalar ta filin ce, mota ba za ta warware ta ba. Kai ka shiga da jif ɗinka, to mai kawo abinci fa? Mai sayen kifi fa, da zai ce sai ka rage masa farashi saboda wahalar hanya? Likitan dabbobi fa, ranar da kaji suka fara mutuwa cikin dare? Wanda bai riga ya sayi fili ba, gara ƙarami kusa da titi da ƙato a cikin fadama. Wanda ya riga ya saya, 'yan tifofin marmara a wuraren da suka fi kafewa, musamman idan an yi karo-karo da maƙwabta, sun fi arahar jif nesa ba kusa ba. Ka kuma gina ɗan sito mai iska, ka ɗora buhuna a kan katako, ka riƙa shigar da abincin sati biyu ko uku duk lokacin da hanya ta ɗan sha iska. Kar dai ka tara na wata da watanni, domin da damina abinci yana saurin yin fumfuna.

Bari kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Rabin masu wannan tambayar ba laka ce take damun su ba. So ake a ce wane ya buɗe gona, har ya yi jif. Ba na zargin kowa, ni ma zuciyata ta taɓa raya min. Amma ka sani ranar da ka faka ta a bakin gona, kuɗin leburan da zai haƙa maka rami ya tashi, mai kawo ɓuntun shinkafa ya ƙara nasa, 'yan'uwa kuma sun ɗauka ka fara kwasar riba alhali kajinka suna sati tara.

Abin da na fi gani yana yi wa masu farawa aiki shi ne babur na zirga-zirgar kullum, sai shatar a-kori-kura ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya sau ɗaya a sati. Dilolin abinci da yawa ma suna kawowa har gona idan kana ɗaukar buhuna da dama. Kuɗin da ya rage a sa a ruwa, domin mai kifi da ba shi da rijiyar burtsatse da sola ko janareta mai lafiya bai fara ba tukuna. Idan gona ta yi zagaye biyu ko uku tana biyan kanta, ka buɗe littafinka ka ga nawa kake kashewa a shata duk wata. Ranar da kuɗin shata ya fi abin da mota za ta ci na mai da gyara, ranar ka isa sayen mota, kuma ko a lokacin mai buɗaɗɗen baya zan ce ka nema, ko Hilux ce ko 'yar ƙaramar a-kori-kura.

Wanda kuma yake da wata sana'ar da za ta riƙe motar, kuɗin abincin wata shida yana ajiye daban, kuma dama iyali suna buƙatar mota, wannan ba ni da ja. Sai dai ya je da makanikensa, ba na dillali ba. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, domin waɗanda suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka da Kanada gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu shasi. A ɗaga kafet a shinshina, akwai waɗanda ambaliya ta shanye aka yi gwanjon su. A tabbatar farfela ta gaba da ta baya duk suna nan, a kai ta cikin yashi a sa fowil ɗin a ga ƙafa huɗun suna ja. Kar a yarda da lambar tafiyar da take nunawa, ana mayar da ita baya. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 a duba tarihinta a intanet, a kuma tantance takardun kwastan, tunda a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma ba ka so a ƙwace maka ita a hanya da ƙwai a ciki.

Shi dai bawan Allahn nan na ce masa ya je ya tambayo kuɗin buhu 150 na abincin kaji da buhu 75 na kifi a farashin yau, ya ware su gefe, sannan ya faɗa min abin da ya rage. Har yanzu ina jiran amsarsa. Masu jif a cikinmu kuma, don Allah ku faɗa mana tsakani da Allah nawa take ci muku a wata.