A Auna Kafin A Sake Saye

Iyaye, yaronku ya rubuta wasan kwamfuta da kansa, hoton yana sarƙewa a sabuwar laftof, sai ku ce an cuce ku, a sayo wata. Haba! Mu a asibiti ba ma ba da magani sai mun auna. Wasa mai hoto 60 a sakan, milisakan 16.7 kacal kowane hoto ke da shi. Yaron ya auna aikin da ke cinye lokacin. Sau da yawa laftof na da katin hoto biyu, wasan ya hau kan ƙaramin na Intel, Nvidia na barci. Ko kuma tsimin batir ne. Kuɗin da 'yan'uwa ke jira a gida kada ya tafi a kan zato.