Baƙin Sama da Asirin Gwamnati: Ina Isnadi?



'Yan uwa Musulmi, tambayoyi sun yi ta zuwa mana, musamman daga ɗalibai, game da zancen nan da ke yawo cewa gwamnatin Amurka ta daɗe tana ɓoye wa duniya labarin wasu halittu da suka sauko daga sararin samaniya, wai har tana riƙe da tarkacen jiragensu da gawawwakinsu a wasu sansanonin soja. Da zancen majalisar 'yan shayi ne kawai, da mun bar shi inda muka same shi. To amma a ranar 26 ga Yulin 2023 wani tsohon jami'in leƙen asiri na rundunar sojan saman Amurka, David Grusch, ya yi rantsuwa a gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilan ƙasar, ya ce akwai wani shiri na asiri da ya shafe shekaru gommai yana tattara irin waɗannan jirage, kuma an samu gawawwakin da ba na 'yan Adam ba. Maganar da ta kai ga rantsuwa a majalisa ta cancanci a ɗora ta a kan sikeli.

Asalin labarin yana komawa ne ga shekarar 1947. A watan Yuni wani matuƙin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa 9 suna gudu a sama kusa da dutsen Rainier, jaridu suka raɗa musu suna faifai masu tashi. Bayan mako biyu, a ranar 8 ga Yuli, sansanin soja na Roswell a jihar New Mexico ya ba da sanarwar cewa ya tsinci ɗaya daga cikin faya-fayan nan a wani wurin kiwo. Kafin gari ya waye Janar Roger Ramey ya ƙaryata, ya ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Maganar ta kwanta fiye da shekara 30.

Bari mu fara da abin da masu wannan da'awa suka yi gaskiya a kansa, domin adalci wajibi ne ko da a kan abokin jayayya. Lalle gwamnatin Amurka ta yi ƙarya. A 1994 rundunar sojan sama da kanta ta bayyana cewa abin da ya faɗi a Roswell na wani shiri ne na asiri mai suna Mogul, wato jerin balan-balan masu ɗauke da na'urorin sauraro da ake cillawa can ƙololuwar sama don jin ƙarar gwajin bam ɗin nukiliya idan Tarayyar Sobiyat ta yi. Ke nan zancen auna yanayi rufa-rufa ne. A 1997 kuma wani masanin tarihi, Gerald Haines, ya rubuta a mujallar hukumar leƙen asiri ta CIA cewa fiye da rabin rahotannin abubuwan da mutane suka gani a sama daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin shekarun 1960 jiragen leƙen asiri ne, irin su U-2. Jirgin nan yana hawa sama da ƙafa 60,000 a lokacin da jiragen fasinja ba su wuce ƙafa 20,000 ba. Da magariba, rana ta riga ta faɗi ga matuƙin da ke ƙasa, amma tana nan tana haska fikafikan U-2 masu launin azurfa, sai ya hango wani abu kamar wuta a inda ya yi imani babu jirgin da zai kai. Sojoji sun san ko mene ne, amma sai su ce wa jama'a ƙanƙara ce ko sauyin yanayi. Shi kansa sansanin da ake gwada jirgin, Area 51 a jihar Nevada, sai a 2013 CIA ta amsa sunansa a takardun da ta saki.

Mu kuwa ba ma bukatar a tuna mana halin wannan gwamnati. Mun ga Colin Powell a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairun 2003 yana nuna hotunan makaman ƙare-dangi na Iraƙi, aka rusa ƙasa, aka zubar da jinin Musulmi, makaman kuwa ba a same su ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka ba mu ga laifin wanda ya ƙi gaskata Pentagon ba.

Sai dai a nan ne ƙafar mutane da yawa ke zamewa. Tabbatar ƙaryar wanda ake tuhuma ba ta tabbatar da da'awar mai tuhuma. Duk lokacin da aka yaye labulen, abin da aka tarar a baya makami ne ko na'urar leƙen asiri, aikin hannun ɗan Adam, wanda aka ɓoye wa Rasha. Gwamnati tana da kyakkyawan dalili na barin mutane su yi ta zancen baƙin sama, domin mai kallon taurari ba ya tambayar me ake ƙerawa a hamada.

Allah Ya yi wa wannan al'umma baiwar ilimin da babu kamarsa wajen tace labari, wato ilimin isnadi. Bari mu ɗora shaidar Grusch a kansa. Ya ce ya tattauna da shaidu fiye da 40 a cikin shekara 4. Su waye? Bai ambace su a bainar jama'a ba. Da aka tambaye shi ko ya ga gawawwakin da idonsa, ya ce bai gani ba. Da aka nemi cikakken bayani, ya ce sai a ɗakin sirri. Ko ɗalibin da ya karanta Baiƙuniyya ya san sunan wannan ruwaya: maruwaitanta mubhamai ne, ba a san sunansu ba ballantana adalcinsu ko kiyayewarsu. Ba mu ce mutumin ya ƙirƙiri ƙarya ba. Yana yiwuwa mai gaskiya ya ruwaito daga wanda ba a sani ba, kuma malaman hadisi ba su taɓa karɓar ruwaya don kawai na ƙarshe a cikin sarƙar ya yi rantsuwa ba.

Wani zai ce ai mutum 40 sun kai tawaturi. Malamai sun shardanta wa tawaturi cewa labarin ya tuƙe ga abin da aka gani ko aka ji kai tsaye, kuma yawan nan ya tabbata a kowane mataki na sarƙar. Sau nawa hadisi kan zo ta hanyoyi goma, idan aka bi diddigi sai a tarar dukkansu suna komawa ga mutum ɗaya mai rauni? Ofishin da Pentagon ta kafa a 2022 don binciken wannan al'amari, AARO, ya fitar da rahoto a watan Maris na 2024, ya ce bai sami wata hujja ta fasahar wata duniya ba, kuma da'awar tana kewayawa ne a tsakanin wasu 'yan mutane ƙalilan da suka san juna, wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga wannan. Za a ce ai wanda ake tuhuma ne ya zama alƙali. Haka ne, kuma ba a kan rahotonsa muka dogara ba. Ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Kuma sararin sama ba mallakin Amurka ba ne. Rasha da Sin da Indiya suna da na'urorin rada da manyan madubban hangen nesa, kuma babu abin da zai fi yi wa Mosko ko Beijin daɗi irin tona wa Washinton asiri.

Shi ma labarin gawawwakin Roswell haka yake. Babu shi a sanarwar 1947. Ya ɓullo ne bayan da aka fara hira da Manjo Jesse Marcel a 1978 maganar ta farfaɗo, aka yi ta ƙara mata gishiri. Fim ɗin da Ray Santilli ya fitar a 1995, wanda ya nuna likitoci suna feɗe gawar baƙon sama, gidajen talabijin na ƙasashe da dama suka nuna shi, a 2006 mai shi ya amsa cewa a wani gida a Landan aka shirya shi da mutum-mutumi.

Akwai ragowar da ba a warware ba, wannan gaskiya ne. Shirin Blue Book na sojan sama, wanda aka rufe a 1969, ya tara rahotanni 12,618, aka bar 701 ba a gano ko mene ne ba. Rahoton hukumomin leƙen asiri na Yunin 2021 ya duba lamura 144, guda ɗaya kawai ya iya fassarawa. Amma ma'anar "ba a gano ba" ita ce ba a gano ba. Wanda ya cike wannan gurbi da baƙin sama ya faɗi abin da ba shi da iliminsa, abin da Suratul Isra'i ta hana. A lura kuma da nisan tafiyar. Tauraron da ya fi kusa da rana, haskensa na ɗaukar fiye da shekara 4 kafin ya iso mu. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kusan kilomita 17 a sakan guda, zai bukaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara.

To, shin Musulunci ya kore samuwar wasu halittu a wajen wannan ƙasa tamu? Bai kore ba. Aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittu masu motsi da Allah Ya watsa a sammai da ƙasa, Ibnu Kasir ya ce ta haɗa mala'iku da aljanu da mutane da sauran dabbobi. Fakhruddin Ar-Razi kuwa ya tsawaita bayani a tafsirinsa cewa ikon Allah bai taƙaita ga wannan duniya ɗaya ba. Da za a wayi gari a tabbatar da wata halitta mai rai a wata duniya, babu abin da zai girgiza a aƙidarmu, domin bawa ce daga bayin Allah. Yiwuwar abu daban, aukuwarsa daban, kuma a kan aukuwar ake jayayya.

Abin da ya sa muka ba wannan magana shafi guda shi ne inda take kai mutane. A 1973 wani Bafaranshe, Claude Vorilhon, ya ce ya gana da baƙin sama, suka gaya masa su ne suka halicci ɗan Adam, kuma su ne suka aiko annabawa, wal iyazu billahi. Ya kafa addini a kan haka, yana da mabiya a ƙasashe da dama har da na Afirka. A watan Maris na 1997 mutum 39 na ƙungiyar Heaven's Gate suka kashe kansu a Kalifoniya, suna jiran jirgin da suka yi imani yana biye da tauraro mai wutsiya na Hale-Bopp. Mutanen da suka yi wa imani da mala'iku dariya, suka kira shi camfi, su ne suka koma jiran masu ceto daga sama.

A cikin gida ma ba mu tsira ba. Wasu littattafan Larabci da suka fito daga Masar a shekarun 1990 sun riya cewa faya-fayan nan abin hawan Dujal ne, wai fadarsa tana tekun Bamuda. Wasu kuma suka yanke cewa aljanu ne. Muna jin irin wannan a bakin masu wa'azi, a kan mumbari, ana haɗa shi da ingantattun hadisai a jumla ɗaya, har mai sauraro ya kasa bambance maganar Manzo (SAW) da shaci-faɗin marubuci. Aljanu gaskiya ne, Dujal gaskiya ne, kuma abin da muka sani game da su shi ne abin da nassi ya zo da shi. Wanda ya ce hasken da matuƙin jirgin yaƙi ya ɗauka a 2004 aljani ne, sai mu tambaye shi ayarsa ko hadisinsa, kamar yadda muka tambayi Grusch shaidunsa. Ranar da aka tabbatar cewa abin da malam ya kira jirgin Dujal balan-balan ne, ɗalibin da ya ji shi ba zai tsaya a shakkar balan-balan ba.

A watan Disambar 2023 Majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta umurci hukumomin gwamnati su miƙa takardunsu na wannan al'amari ga ma'adanar tarihin ƙasar. Muna maraba da wannan, kuma muna kira ga 'yan uwa masu ilimin kimiyya da Turanci su riƙa karanta abin da aka saki su kawo mana. Sharaɗinmu kafin mu karɓi da'awar mai sauƙi ne: a fito da ƙarfen ko gawar, a ajiye a gaban masana na ƙasashe daban-daban waɗanda ba sa cin albashin Pentagon, a kuma ambaci sunan wanda ya tsince shi da ranar da wurin.