Wa Ya Karya Rupin Siri Lanka?

Masu kare gidan Rajapaksa suna cewa annobar korona ce ta durƙusar da Siri Lanka, tsibirin nan da ke kudu da Indiya, don ta hana baƙi masu yawon buɗe ido zuwa. Wannan zance ne na rufa-rufa. Annoba ta ratsa duniya duka, amma ƙasashe nawa ne suka ce ba za su iya biyan bashi ba, kamar yadda Siri Lanka ta yi a watan Afrilu na 2022?

Ga yadda aka yi ɓarnar. A ƙarshen 2019 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta zabtare harajin sayen kaya daga kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 8. Baitulmali ya bushe. Maimakon a gyara, sai aka sa Babban Banki, wanda aka kafa tun 1950, ya yi ta buga rupi. Aka kuma ɗaure farashi wajen rupi 200 a kan dala guda, aka riƙa ƙona ajiyar kuɗin waje don a tsare wannan ƙarya.

'Yan ci-rani su suka fara gane bakin zaren. Masu aikatau a ƙasashen Larabawa suka ga banki yana cin guminsu, suka koma aika kuɗi gida ta hannun 'yan canji. Duk wanda ya bar garinsu neman abinci ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da aka saki rupi a watan Maris na 2022, cikin 'yan makonni dala ta kai wajen rupi 360. Tsadar kaya ta doshi kashi 70 cikin 100 a watan Satumba. Mai ya yanke, magani ya yi wuya, talakawa suka kwana a layi. A watan Yuli jama'a suka mamaye fadar shugaba, shi kuwa ya tsere.

A 2023 Kotun Ƙoli ta ɗora alhakin wannan masifa a kan Gotabaya, da 'yan'uwansa Mahinda da Basil, da tsofaffin gwamnonin banki biyu. A shekarar kuma aka yi dokar da ta taƙaita buga kuɗi don cike giɓin gwamnati. Amma wa zai mayar wa lebura ajiyarsa da ta narke?

Kuɗin ƙasa amanar jama'a ne. Ranar da Babban Banki ya zama baran mai mulki, aljihun talaka aka yanke.